Yadda Za Ka Kunna Kwamfutar Cikin Akwatin Gem da Maɓalli Ɗaya

Kafinta ya gama nasa aikin, fenti ya bushe, monita ta zauna daram, sandunan wasa da maɓallai masu launi duk sun hau. Ka tura kwamfuta ciki, ka rufe ƙofar baya, ka jingina akwatin da bango. To yanzu ta ina za a kunna ta? Maɓallinta yana can ciki, bayan katako.

Masu haɗa irin wannan akwatin gem na tsaye da yawa sukan bar wannan magana sai ƙarshe. Sakamakon shi ne kullum sai an janye akwatin daga bango an zura hannu ta baya, a kunna kwamfuta daban, monita daban, sifika daban. Idan an gama wasa kuma sai a zare fulogi kawai, wanda shi ne mafi muni a cikin lamarin. Tsarin da nake ganin ya dace shi ne maɓalli ɗaya a waje ya tada kwamfutar, ita kuma ta sakar wa sauran kayan wuta. Idan aka sake danna shi, ta rufe ayyukanta a tsanake, ta mutu, sauran kayan su bi ta. Yadda ake yin wannan ne zan bi da kai daki-daki.

Me ya sa kwamfuta ba ta tashi da an jona ta?

Akwatunan asali na gidajen wasa, irin waɗanda Pac-Man ya fito a cikinsu a 1980 ko Street Fighter II a 1991, ba su da wannan matsala. Allon lantarkin wasan da ke cikinsu yana fara aiki da zarar wuta ta shige shi, kuma babu faifan ajiya da zai lalace idan an yanke wutar. Makunni ɗaya ne a saman akwatin ko a bayansa, mai shago ya kunna da safe ya kashe da dare.

Kwamfutar tebur kuwa tana bin tsarin ATX ne, wanda kamfanin Intel ya fitar a 1995. A wannan tsari maɓallin gaba ba ya taɓa wutar gida ko kaɗan. Muddin fulogi na jikin soket, fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa kayan kwamfuta wuta, tana tura 'yar wuta ta bolt 5 zuwa madabod, wato babban allon cikin kwamfuta, ta waya mai ruwan malmo, ko da kwamfutar a kashe take. Wannan wuta ita ce mai gadin da ba ya barci, aikinta ta saurari maɓalli. Idan ka danna, ƙafafu biyu a jikin madabod sukan haɗu na ɗan lokaci, sai madabod ta ja koriyar waya zuwa ƙasa, wato ta haɗa ta da baƙa. Koriyar nan, wadda ke rami na 16 a babban fulogi mai rami 24, ita ke gaya wa fawa-fak ta saki bolt 12 da 5 da 3.3 gaba ɗaya.

Abu biyu za ka riƙe daga nan. Maɓallin da za ka sa dole ya zama mai komawa da kansa idan an sake shi, ba makunni mai zama a inda aka tura shi ba, domin madabod tana ɗaukar dannawar da ta kai daƙiƙa huɗu a matsayin umarnin kashe dole. Sannan wutar da ke bin wayoyin maɓallin ƙarama ce ƙwarai, ba ta jan mutum, don haka wannan ɓangaren aikin kowa zai iya yin sa da hannunsa.

Za ka ji wasu suna cewa a haɗa koriyar waya da baƙa dindindin a huta. Masu gyara suna yin haka don gwada fawa-fak ita kaɗai, ba ta jone da komai. Kada ka yi shi da madabod a jone. Ka ƙwace mata iko da wutarta ke nan: ko Windows ta gama rufewa, fankoki za su ci gaba da juyawa, wata madabod ɗin ma ba za ta tashi daidai ba.

Nemo ƙafafun nan biyu

Zare fulogi daga bango tukuna, ka danna maɓallin kwamfutar sau ɗaya don sauran wutar da ta maƙale ta fita. Buɗe murfin, ka bi siririyar wayar da ta taso daga maɓallin gaba har inda ta sauka a madabod, yawanci a kusurwar ƙasa ta dama. Za ka ga jerin ƙananan ƙafafun ƙarfe layi biyu. A allon Gigabyte an rubuta F_PANEL a gefensu, a na MSI JFP1, a na ASUS kuma PANEL ko F_PANEL. Ƙaramin baƙin kan da kake nema an rubuta masa POWER SW ko PWR SW ko PW.

Idan jerin irin mai ƙafa tara ne da gurbi ɗaya babu komai, wanda shi ne tsarin Intel, abin da sauƙi. Layin da ke da ƙafa huɗu shi ne naka: biyun farko na fitilar wuta ne, biyun da ke maƙwabtaka da gurbin da babu ƙafa, wato ta 6 da ta 8, su ne na maɓalli. Duk da haka ka duba rubutun da ke jikin allon da fitilar wayarka, domin ba kowane kamfani ne ke bin wannan jeri ba.

Kafin ka yanka ko ka liƙa komai, tabbatar. Cire kan wayar, mayar da fulogi, ka ɗauki ƙaramin sukundireba mai faɗin baki ka taɓa ƙafafun nan biyu tare na ƙiftawar ido. In fanka ta juya, ka dace. Ka kula bakin sukundireban kada ya zame ya taɓa wani wuri.

Ja wayar zuwa waje

Maɓallin akwatin gem ɗin kansa shi ya fi dacewa da wannan aiki, domin dama mai komawa ne, kuma ƙila kana da rara. A ƙarƙashinsa akwai ɗan makunni mai ƙafa uku, an rubuta COM da NO da NC. Waya ɗaya a COM, ɗaya a NO. Babu ruwanka da wace waya ta je wace ƙafa a madabod, maɓalli ba shi da gaba ba shi da baya. Amma idan ka yi amfani da NC, madabod za ta ga kamar an danne maɓalli ba a saki ba, sai kwamfutar ta tashi ta mutu bayan daƙiƙa huɗu, ko ta ƙi tashi sam.

Wayar da na fi so a wannan aiki ita ce ta tsohuwar igiyar intanet. Ka feɗe ta za ka sami wayoyi takwas a murɗe biyu-biyu, ka zaro tagwaye ɗaya. Murɗin nan yana da amfani, domin doguwar waya a cikin akwati tana iya ɗaukar hayaniyar lantarki daga wayoyin wutar gida, madabod ta zaci an danna maɓalli. Don haka ka bi da ita ta gefe guda na akwatin, wayoyin babbar wuta ta ɗaya gefen, in dole sai sun haɗu su gitta juna, kada su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa. A bakin da zai shiga madabod, hanya mafi tsafta ita ce ka samo wayar maɓalli ta mataccen kes a wurin masu gyaran kwamfuta, ka yanke ta da kanta, ka haɗa da taka da dalma, ka rufe mahaɗin da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi. Murɗa waya da naɗa baƙin salatif yana aiki na ɗan lokaci, amma zafin cikin akwati yana sa salatif ya saki.

Kada ka haɗa wannan maɓalli da baƙar wayar da ta zagaye sauran maɓallan wasa. Ka ba shi wayoyinsa biyu shi kaɗai, daga shi sai madabod. Kuma idan kana son maɓallin asali na kes ya ci gaba da aiki, wanda zai taimake ka ranar gyara, ka haɗa sabbin wayoyin a kan tsofaffin, kowace da 'yar uwarta. Duk wanda aka danna a cikinsu zai yi aiki.

Inda za ka huda ramin yana buƙatar tunani fiye da yadda ake zato. Kada ka sa shi a kan allon wasa, inda sanduna da maɓallan wasa suke. Mutum yana tsakiyar dambe da abokinsa, hannu ya zame, kwamfuta ta fara rufewa, ka ga an ɓata wa kowa rai. A gidan da akwai yara kuwa, duk maɓallin da ido ya gani sai an danna shi. Saman akwatin ta baya shi ne wurin da ya fi, inda babba zai miƙa hannu ya taɓa ba tare da ya gani ba. Ƙarƙashin leɓen allon wasa ma ya yi, in dai gwiwar mai wasa ba za ta kai wurin ba. Ramin maɓalli irin na Amurka milimita 28 ne, na Japan irin Sanwa kuma 30 ko 24, sai ka auna naka kafin ka huda.

Idan kwamfutar Dell ce ko HP ta hannu

Yawancinmu da tsofaffin kwamfutocin ofis muke wannan aiki, irin Dell OptiPlex da HP, kuma sun isa su ɗauki MAME, manhajar da ke buga wasannin akwatunan asali a kwamfuta, da wasannin da ba su da nauyi. Sai dai waɗannan kamfanoni ba sa bin jerin ƙafafun da na bayyana. Kan wayar maɓallinsu nasu ne na kansu, mai rami biyar ko shida, ya haɗa maɓalli da fitila wuri ɗaya. Wasu OptiPlex ɗin, idan ka cire wannan kai, sukan tsaya da saƙon "Alert! Power Button Cable failure" su jira ka danna F1, ga shi babu kibod a jikin akwati.

Maganin shi ne kada ka cire komai. Ka bar maɓallin asali a jone, ka ciro shi daga fuskar kes, ka sa mita a ma'aunin da ke yin ƙara idan waya biyu sun haɗu, kwamfutar ba ta jone da wuta. Ka riƙa gwada wayoyin biyu-biyu kana danna maɓallin. Biyun da suka yi ƙara lokacin dannawa kawai, suka yi shiru da ka saki, su ne naka. Feɗe fatarsu kaɗan ba tare da ka yanke su ba, ka liƙa sabbin wayoyinka a kai.

Shiga BIOS

BIOS shi ne shafin saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta tashi. Jona kibod na ɗan lokaci. Da kunnawa ka riƙa danna Del a allon ASUS da Gigabyte da MSI, F2 a Dell, F10 a HP, F1 a kwamfutar tebur ta Lenovo.

Abu na farko, hana kwamfutar tsayawa jiran kibod. A tsofaffin alluna akwai layin "Halt On", ka mayar da shi "All, But Keyboard" ko "No Errors". A ASUS sunansa "Wait For F1 If Error". A Dell ka duba ƙarƙashin "POST Behavior" ka cire alamar da ke kan gano kuskuren kibod. Duk wani saƙo da zai tsayar da tashi sai an danna wani abu, abokin gaba ne a cikin akwatin da aka rufe.

Na biyu shi ne layin da ke faɗin abin da kwamfuta za ta yi idan wuta ta dawo. ASUS na kiransa "Restore AC Power Loss", Gigabyte "AC BACK", Dell "AC Recovery", HP da Lenovo "After Power Loss". Zaɓi uku ne: ta zauna a kashe, ta tashi, ko ta koma halin da take ciki kafin a ɗauke wuta. A yanzu ka bar shi a kashe, zan dawo kansa domin akwai magana.

Tunda kana ciki, ka canza batirin madabod, mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3. Tsohuwar kwamfutar ofis ta daɗe da nata. Ranar da ya mutu, duk saitin nan zai goge, agogo ya rikice, kwamfutar ta tsaya tana neman F1.

Kashewa ta fi kunnawa muhimmanci

A nan gizo yake saƙar. Windows tana rubuce-rubuce a faifai ko da ba ka ga tana komai ba, yanke mata wuta a tsakiyar rubutu kuma yana iya lalata fayil, wata rana ta ƙi tashi. MAME ita ma sai lokacin fita daga wasa take ajiye saitin maɓallanka da ƙwaƙwalwar wasan. Wanda ya ɓata dare yana daidaita maɓallai sannan ya zare fulogi, gobe zai tarar babu komai.

A Windows 10 ko 11 ka buɗe "Control Panel", ka shiga "Power Options", ka danna "Choose what the power buttons do". A layin "When I press the power button" ka zaɓi "Shut down". A wannan shafin dai ka danna "Change settings that are currently unavailable", ka cire alamar "Turn on fast startup". Wannan saurin tashi ba cikakkiyar kashewa ba ce, rabin barci ne, kuma yakan sa allon da ke karanta maɓallan wasa ta USB ya ƙi bayyana a tashi na gaba. Ka hana kwamfutar da monita yin barci da kansu, domin a tsarin da za mu yi barci zai rikita wutar sauran kaya.

Sai shiga ba tare da kalmar sirri ba. Ka yi amfani da asusun cikin kwamfuta, ba na Microsoft ba, ka danna maɓallin Windows da R ka rubuta netplwiz, ka cire alamar da ke tilasta shigar da suna da kalmar sirri. In ba ka ga akwatin alamar ba, ƙaramar manhajar Autologon ta Microsoft tana yin aikin. Bayan haka ka sake danna Windows da R, ka rubuta shell:startup, ka jefa gajeriyar hanyar manhajar da ke jera maka wasanni a cikin jakar da ta buɗe, ko Attract-Mode ce ko Big Box. Wanda ya sa Batocera, tsarin kwamfuta da aka yi musamman don wasanni, a maimakon Windows ya huta da duk wannan, domin ita kai tsaye take faɗawa jerin wasanni.

Ka koya wa mutanen gida dannawa ɗaya a saki. Riƙewa na daƙiƙa huɗu daidai yake da zare fulogi, sai ranar da kwamfutar ta sandare gaba ɗaya ake yin sa.

Yadda sauran kaya za su bi kwamfutar

Yanzu saura monita, amfilifaya da fitilar da ke haska sunan akwatin a sama. Hanya mafi sauƙi ita ce ka rage abubuwan da ke buƙatar wutar gida. Igiyar fitilar LED mai bolt 12, ƙaramin amfilifaya mai bolt 12 da fankar fitar da zafi duk za su iya sha daga fawa-fak ta farin fulogin nan mai rami huɗu da ake kira Molex: rawaya bolt 12, ja bolt 5, baƙaƙen biyu na tsakiya ƙasa. Da kwamfuta ta mutu su ma sun mutu. Matsala ɗaya da akan samu ita ce ƙugi ko tsiwa a sifika idan amfilifaya na shan wuta daga fawa-fak, in ka ji haka ka ba shi adaftarsa daban.

Ga abin da dole sai wutar gida, akwai ekstenshan mai wayo, wanda ke da soket ɗaya na shugaba da wasu na mabiya. Kwamfuta a soket ɗin shugaba, idan ta fara jan wuta sai mabiyan su buɗe. Yana aiki, amma ka duba jikinsa da kyau: da yawa an yi su ne don Amurka, bolt 120, wutarmu kuwa a Najeriya da Nijar tana tsakanin 220 da 230 ne. Kuma ƙananan kwamfutoci ba sa jan wuta sosai, wani lokaci ekstenshan ɗin ya kasa gane sun tashi.

Shi ya sa na fi amincewa da rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa idan ta bi ta nannaɗin wayar da ke cikinsa. Ka nemi mai nannaɗin bolt 12, wanda bakinsa ke ɗaukar amfiya 10 a bolt 250. Ƙafafun nannaɗin biyu su tafi rawaya da baƙa na Molex. Ka gitta musu dayod 1N4007, ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, gefen da ke da zanen zobe yana kallon rawaya, domin lokacin da wuta ta yanke nannaɗin yakan yi tofin wuta baya, dayod ɗin ne ke shanye shi. A ɗaya gefen, wayar laif da ke zuwa ekstenshan ɗin monita ta shiga COM ta fita ta NO. Nutural da at, wato wayar kariya da ke kai wuta ƙasa, su wuce kai tsaye ba tare da sun bi ta rile ba. Kwamfuta ta tashi, ka ji ƙas, monita da fitila sun kama.

Kada ka ɗauki wutar rile daga ramin USB. Alluna da yawa suna barin wuta a USB ko bayan an kashe kwamfuta, sai rile ya ƙi saki. A ƙananan Dell da HP da ba su da Molex, ka sa adaftar da ke mayar da fulogin wutar SATA zuwa Molex, sannan ka auna da mita ka ga wutar ta koma sifili bayan kashewa.

Wannan ɓangare na laif da nutural ba wurin gwaji ba ne, bolt 230 yana kisa. In ba aikinka ba ne, ka kira mai gyaran wuta ka nuna masa abin da kake so, aiki ne ƙarami a wurinsa. Rile ya zauna a cikin ƙaramin akwatin roba mai murfi, a ɗaure shi da jikin katako, kada a bar ƙarfe ko ɗaya a buɗe inda hannu zai iya kaiwa.

Mashigar wuta

Kada ka huda rami kawai ka zaro igiyar ekstenshan ta baya. Akwai mashiga irin ta bayan fawa-fak, IEC C14, wadda ke zuwa da makunni da gidan fiyus a haɗe. Ka dasa ta a ƙasan bayan akwatin. Daga ita wuta ta rabu biyu, reshe ɗaya kai tsaye zuwa kwamfuta, ɗayan ta cikin rile zuwa sauran kaya. Fiyus da makunni su kasance a kan laif, wato waya mai ruwan ƙasa, ko ja a tsohon launi. Nutural shuɗiya ce ko baƙa, at kuma kore da rawaya, kuma duk wani babban ƙarfe da ke jikin akwatin, kamar ƙofar kuɗi, a haɗa shi da at.

Girman fiyus lissafi ne. A ce kwamfuta na jan wat 150, monita 40, amfilifaya 30, fitila 15, jimla 235. Ka raba da 230, ka sami amfiya ɗaya da ɗan kai. Fiyus mai amfiya 3.15 mai jinkirin ƙonewa, wanda ake rubuta wa T a gaba, ya isa, kuma zai jure fizgar farko da fawa-fak ke yi lokacin kunnawa. Ka manna na ajiya a cikin ƙofar baya, don ranar da ya ƙone kada wani ya naɗa masa waya.

Monita da talabijin

Monitar kwamfuta ba ta ba da wahala, akasarinsu suna tuna halin da aka yanke musu wuta a ciki. Ka bar ta a kunne, rile ya riƙa yanke mata yana mayarwa. Talabijin ce mai gardama, domin da yawa idan wuta ta dawo sai su tsaya da jar fitila suna jiran rimot. Ka duba saitinta ko akwai zaɓin halin tashi, wasu kuma suna ɓoye shi a tsarin da aka yi don otal. Gwada wannan kafin ka gina akwati a kan girman talabijin ɗin: kunna ta, zare fulogi, jira minti ɗaya, mayar. In ta tashi da kanta kuma ta koma HDMI, ta yi. In ba haka ba, sai dai ka bar wa idon rimot ɗinta 'yar kafa a gaba.

Mai amfani da tsohuwar monita mai ƙeya ya sani cewa kwalbarta tana riƙe wutar dubban bolt ko bayan an zare fulogi. Buɗe bayanta aikin mai gyaran talabijin ne.

Hanyar makunni ɗaya a bango, da dalilin da ya sa ban cika son ta ba

Akwai gajeriyar hanya da masu wannan sha'awa a Turai da Amurka ke yawan bi. A BIOS a ce wa kwamfuta ta tashi da zarar wuta ta zo, a jona komai a ekstenshan ɗaya, a kunna makunnin baya, komai ya tashi tare kamar akwatin asali. Babu maɓalli, babu rile. Wurin kashewa a rufe Windows daga cikin manhajar wasanni, a jira, sannan a kashe makunnin. Idan za a sake kunnawa sai an ɗan dakata har wutar bolt 5 ɗin nan ta tsiyaye, in ba haka ba madabod ba za ta san an yanke wuta ba.

A inda wuta ba ta ɗaukewa wannan ba laifi. A wurinmu kuwa ka duba abin da zai faru. An ɗauke wuta da yamma ana tsakiyar wasa, kowa ya watse, babu wanda ya tuna da makunnin baya. Ƙarfe biyun dare NEPA ta dawo, akwati ya tashi shi kaɗai da kiɗa a falo. Hayaniyar ma ba ita ce damuwar ba. Lokacin dawowar wuta shi ne lokacin da ta fi hauhawa da faɗuwa, wani lokaci ta zo ta koma ta sake zuwa, kuma kowane zuwa kwamfutar za ta fara tashi a yanke ta a tsakiya. Haka ma wurin sauyawa daga janareta zuwa wutar gari. Zaɓin komawa halin da ake ciki ma bai tsira ba, tunda a kunne wutar ta bar ta.

Don haka ni a wurina layin nan na BIOS ya zauna a kashe, mutum ne zai yanke shawarar lokacin tashi da yatsansa. Ka ƙara da sitabilaiza mai jinkiri, ko na'urar kariya irin AVS da ake sa wa firij, wadda ke riƙe wuta na ɗan lokaci har ta daidaita kafin ta saki. In da hali, ƙaramin UPS, wato na'urar batiri mai riƙe wuta idan an ɗauke, ya fi komai, domin zai ba ka damar danna maɓalli kwamfutar ta rufe lafiya. Ka jona akwatin gaba ɗaya a kansa, har da monita, don ka ga abin da ke faruwa. Mai inbata a gida ya riga ya sami wannan.

Ga mai Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar nan mai girman tafin hannu, maganar gajera ce. Ita da an jona ta take tashi, kuma katin ajiyarta ya fi faifai saurin lalacewa idan an yanke wuta. A Pi 3 da Pi 4 ka haɗa maɓalli tsakanin ƙafa ta 5 da ta 6, ka ƙara layin dtoverlay=gpio-shutdown a fayil ɗin config.txt, maɓallin zai kashe ya kuma tada. Pi 5 da ta fito a 2023 tana da maɓallinta, da ramuka biyu masu alamar J2 inda za ka liƙa na waje.

Gwaji kafin a rufe ƙofa

Cire kibod da maus, ka kunna makunnin baya. Bai kamata komai ya motsa ba. Danna maɓalli: fanka, ƙarar rile, monita, sannan jerin wasanni ba tare da ka taɓa komai ba. Buɗe wasa ɗaya, ka fita, ka danna maɓalli sau ɗaya, ka tsaya har fitilar sama ta mutu. Sake yi, amma wannan karon ka danna kana tsakiyar wasa, domin wasu manhajoji sukan riƙe Windows su hana ta rufewa, gara ka san haka tun yanzu.

In kwamfuta ta tashi ta mutu bayan daƙiƙa huɗu, koma ka duba NO da NC. In tana tashi ko mutuwa ita kaɗai, wayar maɓalli ta kusanci wayar wuta, ko mahaɗi ya saki yana taɓa ɗan uwansa. In monita ta ƙi mutuwa bayan kashewa, rile yana shan wuta daga wurin da ba ya yankewa. In hoto ya fito da girman da ba daidai ba a tashin farko, kwamfutar ta riga monita farkawa ne, abin da ya fi faruwa da igiyar DisplayPort. Ka koma HDMI ko DVI, ko ka mayar da monitar kan reshen da ba ya bi ta rile, ta riƙa yin barci da kanta idan babu hoto.

Daga nan sai ka rufe ƙofar baya, ka bar wasa yana gudana kamar awa ɗaya, ka buɗe ka sa hannu kusa da fawa-fak da akwatin rile, ba tare da ka taɓa waya ba. In iskar ciki ta yi zafi sosai, ka huda wa fanka rami a sama ta riƙa fitar da ita, ka buɗe wani a ƙasa da raga saboda ƙurar hunturu, fankar kuma ka jona ta a rawaya da baƙa na Molex don ta riƙa tashi tare da kwamfutar.